Injin Jirgin Munkaila Na-Ruwa

A Matamaye babu kogi, babu jirgin ruwa, amma a wani gida da ke bayan rumfunan masu sayar da rake akwai injin jirgi. Mai shi Munkaila ne, wanda 'yan unguwa ke kira Na-Ruwa.

Haifaffen garin ne. Yana saurayi ya bi motar fataken kifi zuwa Tafkin Chadi, ya ce da mahaifiyarsa rani ɗaya zai yi. Bai dawo da zama ba sai da gemunsa ya yi fari. A can ya koyi tuƙin jirgi, yana ɗaukar bandar kifi da fasinjoji daga tsibirai zuwa gaɓa, shi da abokin aikinsa Tanko, wani Bakatsine mai yawan dariya. A can ya auri Najaha, suka haifi 'ya ɗaya, Hanifa. Shekarar da rashin tsaro ya tashi mutanen tsibirai, Munkaila ya bar jirgin a cikin ciyawar gaɓa, ya kwance injin ya ɗora a amalanke. Tanko ya bi wata hanyar. Najaha ta yi jinya a Difa, a can aka binne ta.

Da ya iso gida, ya tarar iyayensa sun daɗe a ƙasa, sa'o'insa kuma sun zama masu jikoki. Suna gaishe shi da mutunci, amma hirarsu ta gero ce da rake da farashin taki. In ya kawo zancen giwan ruwa da ya fi jaki nauyi, sai su ce "Ikon Allah," su koma kan tasu. Bayan an kai Hanifa ɗakin mijinta a Damagaram, gidan ya rage daga shi sai tabarma da buta. Abincinsa yana samunsa daga gyaran injinan ban-ruwa na masu lambu a Dungu.

Injin jirgin kuwa, ya ɗaure shi a jikin wani katako, ƙafarsa mai farfela tana cikin ganga cike da ruwa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zuba masa ɗan mai, ya ja igiya, ya zauna a kan turmi yana saurare. Ba ya murɗa masa wuta, don kada ruwan gangar ya fantsame. Haka yake barin sa yana ɗan gunji a hankali har man ya ƙare.

Wata Juma'a yana zaune haka, aka yi sallama a ƙofar gida. Wani dogon mutum ne baƙi, rigarsa na ƙanshin hayaƙin banda.

"Wushe, Baba," in ji baƙon, da gaisuwar Barebari. "Ka yi haƙuri. Motarmu ce ta lalace a bakin hanya, za mu Kano da kifi. Ina wucewa na ji wannan ƙara, na ce ko kunnena ne."

Sunansa Mustafa, ɗan Boso. Munkaila ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa tukunyar shayi. Suka shiga lissafa tsibirai da sunayensu, wanne ruwa ya cinye, wanne aka fara komawa. Rabon Munkaila da ya yi magana mai tsawo haka har ya manta. Da ya tambayi labarin Tanko, Mustafa ya ce bai san shi ba, amma zai bincika.

Can Mustafa ya ce yana da jirgi, injinsa ne ya mutu, sabo kuma ya fi ƙarfinsa. "Baba, ɗan ba shi wuta in ji."

Munkaila ya tashi ya murɗa hannun injin. Maimakon ya ɗaga murya, sai ya shaƙe, ya yi tari, ya fitar da hayaƙi mai kauri. Ruwan gangar da ƙyar ya motsa. Ya sake murɗawa, injin ya mutu gaba ɗaya.

Kunya ta kama shi kamar an ga tsiraicinsa. "Ba haka yake ba," ya ce. "Wallahi wannan ya ja jirgi da buhu har baki, iska tana gaba da mu."

"Na yarda, Baba. In na dawo da wani lodin zan leƙo."

Daga ranar Munkaila ya rage zuwa Dungu. Ya fara da abu mai sauƙi. Ya kwance buji biyun da ke ba da tartsatsin wuta, ya same su baƙi ƙirin, ya sayo sababbi. Injin ya tashi da ja ɗaya, amma da ya ba shi wuta sai ya sake shaƙewa. Ya zargi man kwalba da ake sayarwa a bakin titi, ya zuba shi a kwano ya bar shi ya kwanta, ya ga ɗigon ruwa a ƙasa. Ya wanke tanki, ya tace sabon mai da tsumma. Babu canji. Ya bi tiyon mai da yatsa har ya sami inda ya tsage yana shan iska, ya yanke wurin ya ɗaure. Ya kwance karbiratar, inda mai ke haɗuwa da iska, ya jera ƙananan ƙarafunanta a kan faifai, ya bi kowace ƙofa da silin waya yana hurawa da baki. Injin ya ɗan gyara murya, ƙarfi dai babu.

Ba shi da wanda zai tambaya. Makanikan garin na babur ne da mota, ɗayansu ma da ya leƙo cewa ya yi, "Wannan ina tayarsa?" Munkaila ya sha kama kansa yana juyawa hagu zai ce, "Tanko, kai me ka ji?" Sai ya ga katanga. Maƙwabciyarsa Hajiya Fadima ta aiko masa da tuwo, ta ce ta kan katanga, "Malam Munkaila, ka ci tun da zafi, ƙarfe ba ya gudu." Ya yi godiya, tuwon ya huce a inda aka ajiye shi.

Ranar da ya gano matsalar, hannu kawai ya kai bayan injin ya ji hayaƙin na fita da ƙyar, kamar numfashin mai asma. Ya kwance murfin hanyar hayaƙin. Ƙofar da a da yatsunsa biyu ke shiga, yanzu ko ƙaramin bai shiga ba. Baƙar toka ta daskare a ciki kamar ƙanzo. Shekarun da injin ya yi yana gunji a hankali, bai taɓa yin zafin da zai ƙone man da ke taruwa ba. Munkaila ya daɗe tsugune yana kallon wurin. Sannan ya jiƙa shi da kananzir, ya ɗauko tsohon cokali ya shiga kankara.

Da ya mayar da komai ya murɗa, injin ya yi wata irin kururuwa, ruwan gangar ya tashi ya jiƙe shi daga kai har ƙafa. Kajin Hajiya Fadima suka watse. Ya tsaya a tsakar gida, ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana dariya shi kaɗai.

Mustafa ya dawo bayan kaka. Ya ce ya tambaya a Boso da Difa. Wani ya ce Tanko ya tsallaka Chadi, wani ya ce ya rasu, ba wanda ya gani da idonsa. Munkaila ya gyaɗa kai, ya tayar masa da injin. Ba su ja ciniki ba.

"In ya ci gaba da zama a nan zai sake toshewa," in ji Munkaila. "Ka riƙa sake masa wuta a ruwa mai faɗi. Kuma kada ka yi masa rowar baƙin mai."

Da kansa ya naɗe shi da bargo, ya kama aka ɗora a bayan mota tsakanin kwalayen kifi. Ya tsaya a bakin hanya har motar ta ɓace.

Wata safiya yana lambun wani a Dungu, hannunsa duk baƙin mai, wayarsa ta yi ƙara. Mustafa ne, yana ɗaga murya.

"Baba! Muna tsakiyar ruwa! Saurara!"

Munkaila ya toshe ɗaya kunnen. Iska ce ta fi yawa a wayar, amma a ƙarƙashinta ya ji injin yana tafiya da murya ɗaya, ba tari, ya kuma ji ruwa na marin gaban jirgi.

"Ta wane tsibiri kuke?" ya tambaya. "Mustafa, ta ina kuke?"

Layin ya yanke. Ya kira, aka ce ba a samun lambar. Ya sake kira, haka. Mai lambun yana tsaye yana jira, albasarsa na bukatar ruwa. Munkaila ya goge wayar da gefen rigarsa, ya sa a aljihu, ya ce masa, "Miƙo mini wancan tiyon."