Furen da Na Kusa Nutsarwa

Shekarun baya, ina amarya a unguwar Ganou ta Parakou, maigidana ya dawo daga Kwatano da wata 'yar tukunya. Shuka ce a ciki, ganyenta kore shar, da jan fure guda mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Ya ajiye a gabana ya ce, "Ga shi. An ce a ɗaki yake zama." Iyakar jawabin ke nan. Mutumin kara ne, shanu yake saye da sayarwa, bai iya zaƙin baki ba. Ni kuwa da na tashi cikin littattafan soyayya, sai na ƙarasa masa sauran a zuciyata: muddin furen nan na raye, yana sona.

Ya tafi kasuwannin ƙauye, na duƙufa. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa. Na kai shi ƙuryar ɗaki kusa da gado, na rufe taga kada iska ta taɓa shi, har turaren wutana nake turara masa. Ganye ya soma yin ruwan ɗorawa, fure ya sunkuya. Na ƙara ruwa.

Da na ga zai mutu kafin mai shi ya dawo, na shiga motar Djougou zuwa wurin kakata da tukunyar a cinya, ina hawaye, fasinja na kallona. Kakata goro take sayarwa, gadon gidanmu ne. Ta cusa yatsa cikin ƙasar, ta sansana.

"Ke, shinkafa kika shuka?"

"Kaka, in ya mutu fa..."

"In ya mutu ke kika nutsar da shi, kada ki ɗora wa angon nawa."

Ta zazzage shi kan tabarma kamar tana buɗe huhun goro, ta yanke saiwar da ta ruɓe, ta sauya masa ƙasa. Sannan ta tsoma hannu a ƙwarya ta yarfa wa ganyen.

"Haka nake yi wa goro. Yayyafi, sai ki ƙyale shi ya sha iska. Bakin taga, inda rana ba ta duka. In ƙasa ba ta bushe ba, ki riƙe butarki."

Ganye biyu suka rage lokacin da maigidana ya dawo Parakou. Na faɗa masa komai, ban da fassarar da na yi wa furen. Ya dube shi kawai, ya wuce harkarsa. Abin ya sosa mini rai.

A tafiyarsa ta gaba ya dawo da ƙulli ɗaure a bayan moto, wato babur ɗinsa. Na zaci turare ne. Na kwance, ashe busasshen kashin shanu ne, an dake shi lukui.

"Na bara ne, ya huce, ba zai ƙona shi ba," in ji shi, yana kallon gefe. "Kaɗan za ki barbaɗa, amarya."

Da damina ta kankama, jan fure ya sake leƙowa.

Har yau yana bakin tagata, kuma na koyi barin abin da nake so ya sha iska. Littattafan nan ban daina karanta su ba, amma ban taɓa cin karo da jarumin da ya zauna ya daka kashin shanu saboda matarsa ba. Duk dawowarsa daga kara ƙullin nan na bayan moto, kuma da kaina nake fita in kwance shi.