Ƙwai a Aljihun Gaba

Shekarar da na kammala jami'a na koma ƙauyenmu da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi, na tarar an hana hawa babur saboda 'yan bindiga, motocin haya kuma sun daina shigowa. Inna tana fama da ciwon suga, ba ta iya kwana biyu babu allura, allurar kuwa sai an je Ƙaura. Keken marigayi mahaifina ne kaɗai abin hawan da ya rage mana.

Hanyar gonaki ta fi titi aminci, sai dai cike take da kwazazzabai da itatuwan da aka gitta. Duk wanda ya sauka yana tura keke ya ba mai laɓe a cikin dawa dama. Don haka kawuna, wanda ya shekara da shekaru yana kai kaji kasuwar Shinkafi a keke, ya gitta taɓarya a bayan gida, ya jefa mini ɗanyen ƙwan kaza a aljihun gaba. Ya ƙi na zabo, wai ɓawonsa ya yi ƙwari, zai ruɗe ni.

"Kwalbar allurar Innarka ke nan," in ji shi. "Tsallake."

Na taho, na ƙura wa taɓaryar ido, na damƙe birki, na faɗi. Na tashi gwaiduwa tana bin rigata.

"Mai digiri, mi kake karantawa a ƙasa? Dubi inda za ka! Tashi daga sirdi, daidaita feda, ja jikinka baya ka ɗaga tayar gaba. Tana sauka ka tura nauyinka gaba, ta baya ta biyo."

Daga taɓarya muka koma guntun giginya, daga nan sai rami. Kullum da safe nakan ɗaga kwalbar da ta rage wa Inna in duba a haske, in ga ruwan ya ƙara yin ƙasa. Ran kwana na biyar ƙwan ya tsira sau uku a jere. Kawu ya ce ban ƙware ba tukuna. Na nuna masa kwalbar, ya miƙo mini keken.

Kwalba biyu na karɓo a Ƙaura, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma saboda zafi, na sa a aljihun gaba. A hanyar dawowa na ji ƙarar babur a bayana, a lokacin da mutumin kirki ba ya hawansa. Itace na farko na tsallake shi yadda aka koya mini. A bakin kwazazzabo na waiga. Tayar baya ta daki gaɓa, na kifa da ƙirji. Na miƙe na ci gaba da tuƙi, na kasa taɓa aljihun.

A zaure kawu ya warware tsumman. Ɗaya ta fashe.

"Waiwaye ka yi," ya ce.

"Waiwaye na yi, Kawu."

Kwalba ɗaya ba za ta kai Inna ƙarshen wata ba. Washegari da hantsi ni da kaina na gitta taɓaryar, na shiga akurki neman ƙwai.