Sakin Layi Na Takwas

Har yau ban manta da Asabar ɗin da na tsaya a filin tenis na Kwararafa ina duban hanya ba. Ku da kuka fara aiki bana, ga yadda aka yi.

Lokacin ina shekara ta biyu a teburin wasanni na jaridarmu, ni ce ƙarama a masu ɗauko rahoto. Shafinmu ƙwallon ƙafa ne daga sama har ƙasa, sai da na yi ta roƙo aka ba ni ɗan gurbi don tenis. Filin tsoho ne, simintinsa duk ya tsattsage. Baba Gyang, malamin makaranta mai ritaya, shi ke koya wa duk wanda ya zo, kyauta.

Wata Litinin ya kira ni. Kwamitin unguwa na shirin ba masu keke mai ƙafa uku filin su riƙa ajiye kekunansu, amma sun ce za su zo Asabar da safe su ga ko akwai masu wasa.

"'Yata, ki rubuta mutane su zo," in ji shi. "Ko ba su iya ba, su dai riƙe raket."

Na rubuta. Na kawo hazon safiya a kan duwatsu, na kawo hannun Baba da ke daina rawa da zarar ya kama raket. Sakin layi bakwai. A na takwas na sa wuri da rana da lokaci.

Tsarinmu shi ne a miƙa rubutu Laraba, a haɗa shafi Alhamis, jarida ta fito Juma'a. In rubutu ya fi gurbinsa tsawo, edita ba ya zaman zaɓe, daga ƙasa yake yankewa. An koya mini haka tun makon farko. Ban dai taɓa zaton zai faɗo kaina ba.

Ranar Juma'a na buɗe jarida, na nufi teburin editanmu.

"Oga Sani, ina ƙarshen rubutuna?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Talla ta shigo. Waƙarki na nan ai, ba a taɓa ta ba. Wa ya ce ki ɓoye nama a gindin tukunya?"

Na kira waɗanda na sani, kowa da uzurinsa. Da safiyar Asabar mutum uku suka zo: teloli biyu daga unguwar Ali Kazaure da wata nas, dukansu 'yan kullum. 'Yan kwamiti suka leƙa, suka gaisa da Baba, suka tafi. Hukuncinsu: tenis zuwa ƙarfe takwas na safe, daga nan filin na masu keke ne.

Baba bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Yana naɗe raga ya ce, "Rubutun ya yi daɗi. Maƙwabciyata ta karanta sau biyu, har ta ce za ta kawo 'ya'yanta. Sai ta tambaye ni, to a ina ne?"

Yanzu duk mako ina sa sanarwar, kuma ana zuwa, har da matan aure daga unguwar Laranto. Sai dai kafin mu fara sai mun goge baƙin mai daga siminti, takwas na yi kuma a fara yi mana hon. Na gaji da jin hon ɗin nan.

Mutanen garin nan ba sa ƙin zuwa in an gaya musu ina da yaushe. Ku sa wannan a layin farko. Abin da ke zuciyarku ku jera shi a ƙasa, inda ake yankewa.