Jirgin da Jaksilik Ya Zaɓa

Shekara arba'in Jaksilik ya yi yana kiwon tumaki a kan tudu, kuma ba a san shi da jan ciniki ba. Ya buɗe bakin rago ya dubi haƙora, ya shafa gadon baya, shi ke nan magana ta ƙare. Da ciwon gwiwa ya matsa masa, sai ya rabu da garken, shi da matarsa Kulpash suka sauko ƙauyen Kuygan, bakin tafkin Balkash, kusa da 'yarsu da mijinta Tolegen. A nan kuwa gidan da ba jirgin ruwa bai cika gida ba. Kifin miya, gaishe da dangi a ƙetare, yankan kara don shinge, duk sai da shi.

Wani makanike mai suna Sarsen yana da jirage biyu na alminiyom a bayan gidansa, an ɗora su kan tsofaffin tayoyi. Tsawonsu ɗaya, shuɗin fentinsu ɗaya, kowanne da benci uku.

"Baba, wannan ƙasansa ya ɗan fi kauri, ba ya rawa a ruwa," in ji Sarsen. "Wancan ya fi sauƙin ja zuwa gaɓa."

"To wanne ya fi?"

"Ya danganta."

Jaksilik ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa wannan ya kasa kunne, ya ƙwanƙwasa wancan. Ƙarar ɗaya ce. Ya koma gida kansa a ɗaure. Surukinsa Tolegen ya ce marar nauyin ya fi, saboda gwiwar tsoho. Maƙwabcinsu ya ce mai kaurin, domin iskar yamma ba ta da mutunci. Ita Kulpash, wadda ko rafi ba ta taɓa tsallakawa ba sai a kan doki, ta ce, "Ni dai wanda ba zai zubar da ni ba."

Sau huɗu yana komawa wurin Sarsen. A na huɗun, yana saka takalmi, Kulpash ta aje butar shayi ta ce, "Tsoho, ni da ka aura ma ba ka yi mini zuwa huɗu ba."

Ranar ya yanke: mai kaurin, saboda ita. Washegari gwiwar ta hana shi tashi, sai ya aiki Tolegen da mota. "Na hagun za ka ɗauko," ya ce masa.

Duk bazarar nan Jaksilik ya ishi mutane da yabon jirginsa. Ya kai Kulpash ƙetare gidan ƙanwarta, ta dawo ko gefen siket bai jiƙe ba. Duk wanda ya zauna shan shayi da shi sai ya ji cewa jirgi ƙasansa ake dubawa, saura duk ado ne.

Da sanyi ya kusa, injin jirgin ya fara tari, Sarsen ya zo dubawa. Ya sunkuya ya karanta lambar da ke bayan jirgin, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba, ai wannan marar nauyin ne."

Aka kira Tolegen. Ya rantse na hagu ya ɗauko. Hagun mai shiga bayan gidan Sarsen ko hagun mai fita? Nan aka tsaya. Mai kaurin kuma tuni malamin lissafin makarantar ƙauyen ya saya, yana ta gaya wa mutane cewa shi marar nauyi ya zaɓa, da hannu ɗaya yake jan abinsa.

Jaksilik ya kwana biyu ba ya cin kifi da daɗi. A rana ta uku ya je ya sami malamin, suka jera jiragen a gaɓa. Suka ɗaga wannan, suka ɗaga wancan. Malamin ya ce kamar nasa ya fi nauyi. Suka sake ɗagawa, ya ce a'a, kamar na Jaksilik.

"Mu yi musaya?" in ji malamin, da muryar wanda ba ya so.

Jaksilik ya ce bari ya tambayi gida. Kulpash tana soya burodi a mai, ko juyowa ba ta yi ba.

"Na riga na san inda nake riƙewa a wannan. Kada ka kawo mini baƙo."

Haka aka bar shi. Kafin ruwan tafkin ya daskare, su biyu shi da Tolegen suka ja jirgin zuwa bayan gida, suka kife shi, suka lulluɓe da tamfol.