Ƙwayar da Ke Cikin Furar Baba

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban da safiyar da aka shiga da mahaifina ɗakin tiyata, ni da Inna muna riƙe da wani sirri da ya kusa raba mu da shi.

Baba manomi ne a wani ƙauye kusa da Gazawa, kuma wajen taurin kai ban ga na biyunsa ba, sai dai ko ni. Shekara biyu kafin wannan rana aka auna shi aka ce yana da hawan jini, aka rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum. Ya ce atafau ba zai sha ba, wai duk wanda ya fara ta ya zama bawanta har kabari. Ni a lokacin ina koyarwa a Agiye, ina ji da ilimina. Ni na kawo dabarar: in sayo maganin, Inna ta murƙushe shi a cikin furarsa. Haka muka yi ta yi, muna yaba wa kanmu wayo.

Da ciwon ƙaba ya hana shi riƙe hauya, aka sa ranar yi masa aiki. Ana gobe, likitan da ke sa majinyaci barci kafin tiyata ya zo ganinsa, wani dogon mutum mai sanyin magana. Ya auna hawan jininsa, ya tambaye shi ko yana shan wani magani.

"Ni?" in ji Baba, har da gyara hula. "Ɗana, tunda ni ke ban san ƙwaya ba. Hura da tuwo su ka riƙe ni."

"Lalle, Baba, tansiyonka kamar na saurayi," in ji mutumin, ya rubuta.

Na buɗe baki, Inna ta mintsine ni a cinya. Na fasa. Gaskiya ba mintsinin ne ya hana ni ba, tsoro ne. Na san in Baba ya ji a gaban baƙo cewa matarsa da 'yarsa sun shekara biyu suna yi masa wayo, ba zai ƙara karɓar ko ruwa daga hannunmu ba. Na lallashi kaina da cewa ai ƙwayar hawan jini ba ruwanta da barci.

Washegari da hantsi aka tura shi ciki. Muna zaune a kan tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi, sai Inna ta raɗa mini, tana murmushi, cewa a furar jiya da yamma biyu ta zuba, don kada tsoron wuƙa ya tayar masa da jini. Ban gama haɗiye maganar ba sai ga wata ma'aikaciyar jinya ta fito da sauri, bakinta a rufe da ƙyalle.

"Ina masu tsohon ga? Jininshi ya yi ƙasa, ya ƙi tashi. Don Allah ku hwaɗi gaskiya, akwai abin da ya ke sha?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na fizge jakar Inna, na zazzage ta a kan tabarma, goro da carbi suka watse, na miƙa wa matar kwalin maganin. Na ce kullum ɗaya, jiya biyu. Matar ta karɓa, ta juya da gudu.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Inna sai salati take, tana cewa ita ta kashe shi. Ni ko kukan ma ya ƙi zuwa. Haushin kaina nake ji, malamar lakol guda, mai koya wa yara tarbiyya, mai dukan tebur in yaro ya yi ƙarya.

Da mai sa barcin ya fito ya ce Baba ya farfaɗo, na yi hamdala. Na zaci zai zage mu, kuma da ya yi, da na fi jin sauƙi. Sai ya tsuguna gaban Inna ya yi mana bayani a hankali. Ya ce wannan irin ƙwaya tana sa jijiyoyin jini su saki, iskar da ake shaƙa wa mutum don ya yi barci ita ma haka take yi, har ta rage wa zuciya ƙarfi. In suka haɗu, mai shan ƙwayar yakan buƙaci iskar ƙasa da ta wanda ba ya sha. Shi kuwa ya auna wa Baba ta mutumin da bai san ƙwaya ba.

"Inna, maganin ba shi da laihi, kar ku daina. Amma ɗaya, ba biyu ba. Da na sani tun jiya, da na rage tun farko."

Shi ya gaya wa Baba komai, don ya ce jikinsa ne, haƙƙinsa ne ya sani. Kwana uku Baba bai yi mana magana ba. Ranar da muka koma gida, Inna ta kawo masa fura. Ya dubi ƙwaryar, ya miƙa tafinsa.

"Ba ni ƙwayar nan in haɗiya da kaina," ya ce. "Shekara biyu ina jin ɗaci ga hurar ga. Na zaci tsuhwa ne ya ɓata miki hannu, na yi shiru don kar in ɓata miki rai."

Inna ta yi dariya har ta koma kuka, ni ma na taya ta.

Tun daga ranar na gane cewa abin da ka ɓoye wa naka don ƙauna, ba a shiga da shi gaban mai sa barci. Shi da abin da bakinka ya faɗa masa yake auna iskar da zai shaƙa wa majinyacinka. Yanzu duk wanda zan raka asibiti, kwalayen maganinsa ne farkon abin da nake sawa a jaka, ko zai yi fushi da ni.