Ƙusar Zauren Baba Modu

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Modu, fatoma a Kasuwar Shanu. Aikinsa saukar da baƙin da suka koro dabbobi, ya ba su ci da makwanci har su sayar. Bana na so in yi masa addu'a in yi shiru, amma abin da na gani a filin jirgi ya hana ni.

A zaurenmu akwai wata doguwar ƙusa. Duk baƙon da ya zo, Shuwa ne ko Bafillace, sai ya rataye takobinsa ko kwarinsa a jikinta kafin a ba shi ruwa. Haka masu gaba da juna ke kwana ɗaki ɗaya. Mun sha yi wa Baba tsiya cewa ƙusar ta fi mu gata a gidan. Yakan ce ranar da ya bar wani ya shiga da makami, abokan gabar mutumin za su lissafa gidan cikin faɗan.

Da ya tsufa ya yi gini kusa da filin jirgi don yana son kallon tashin alhazai, ya ciro ƙusarsa ya kafa a can. Zauren gari yake kiran filin.

Kwanan baya na raka ƙanwata za ta yi tafiya. Can gefe na hango ƙaton jirgi ruwan toka, sojojin wata ƙasa mai nisa na sauke kaya, bindigogi a kafaɗa. Na yi tsaye baki buɗe har ta ja hannuna.

Ba na musun muna bukatar taimako. Mu muka binne 'yan uwanmu a garin nan. Amma tun muna yara ake gaya mana ƙasarmu 'yar ba-ruwanmu ce a faɗan manya. Yaushe aka sauya, kuma wa aka tambaya? Da Baba na raye, zai so ya ji inda masu gaba da baƙin nan za su nufa in sun tashi ramuwa.

Mahaifiyata, Iya Falmata, tana gidan nan na kusa da filin jirgi har lokacin. Shekarun harbe-harbe mun yi roƙon duniya ta tashi, ta ƙi. Da na ba ta labari sai ta tambaya ko sun rataye bindigogin a ƙofa. Na ce a'a.

"To, an lissafa da mu ke nan, Umara," in ji ta. "Nemo mota."

Wallahi wannan ya fi jirgin girgiza ni.

Yanzu tana wurina a cikin garin Yerwa, nesa da filin jirgi. Shanun Baba sun ƙare, gidansa na kulle. Abin da ya rage ƙusar ce, wadda ta sa na ciro, tana ƙulle a bakin zanenta. Na nemi in kafa ta a zaurena, ta ce in bari tukuna, sai ranar da aka samu mai gidan da zai iya ce wa baƙo ya rataye makaminsa.

Allah ya jiƙanka, Baba.