Bashin da Na Yafe a Majami'a

Shekarar da aka biya mu ariyas, wato albashinmu da aka daɗe ana riƙewa, ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan. Kuɗi suka ɗan kwana a aljihuna har suka fara ba ni shawara, shawarar farko kuwa ita ce in zama mai taimakon jama'a.

Ana haka sai matar marigayi yayana ta zo daga ƙauye, tana neman dubu arba'in ta sayi 'yar aladiya ta kiwata.

"Ticha, bashi ne fa, ba kyauta ba," in ji ta. "Idan ta haihu zan biya ka."

Na ce, "To, matarmu, Allah ya sa albarka." A raina kuwa na riga na yanke ba zan karɓi ko kwabo ba.

Da na bar maganar a raina, da an zauna lafiya. Amma ni alherin da ba wanda ya sani ƙaiƙayi yake yi mini. Ranar godiyar kaka na je sujada a ƙauyen, Fasto ya yi wa'azi a kan yafe bashi. Da aka zo lokacin shaida na miƙe da sabuwar kwat ɗina, na gaya wa ikilisiya cewa Ubangiji ya taɓa zuciyata, na yafe wa matar yayana bashin da nake bin ta. Aka yi tafi, wata tsohuwa har da guɗa. Na duba sashen mata na ga ta sunkuyar da kai, na ce a raina godiya ce ta hana ta ɗagowa.

Abin da ban sani ba, duk da digirina, shi ne zumuntar matan majami'ar suna da asusu. Kafin damina suna ba junansu rancen irin citta da taki. Dokarsu ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: wadda ta ci bashi ta biya, ita ake ƙara ba. Wadda aka yafe wa kuwa, ai kasawa ta yi. Nan da nan uwar zumunta ta cire sunanta daga masu karɓar rance, ta sa shi cikin gwaurayen da ake raba wa mudun shinkafa da Kirsimeti. Matar da ta shekara bakwai ba ta taɓa tsallake zubi ba, ni na mai da ita abar tausayi cikin minti biyu.

Wata Asabar ta aiko in zo. Na tafi da murna, ina tsammanin doya ko kaza. Na tarar da matan zumunta a zaune bisa benci a tsakar gidanta, ba mai dariya. Ta kwance bakin zanenta, ta ajiye kuɗi a kan tebur.

"Ga dubu arba'in naka, ga dubu biyar na riba. Ka ƙirga da ƙarfi, su ji."

"Haba matarmu, ai na yafe."

"Wa ya roƙe ka? Kai kana da salari. Ni sunana ne salarina."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ƙirga da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya, mata suna bi na a hankali. Da na gama, uwar zumunta ta buɗe littafinta ta mai da sunan inda yake.

Zan fita na leƙa ɗakin aladu na ga wayam. Ashe ranar Alhamis ta kai aladiyar kasuwa, da cikinta, saura mako uku ta haihu, ta sayar da ita yadda aka taya.

Na sa kuɗi a harkoki da yawa a rayuwata, duk sun nutse. Wannan ne kaɗai jarin da ya taɓa kawo mini riba.